Yadda Kishimi Ke Tsufa a Dajin da Ya Cika da Maharba

A jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka ana buɗe farautar barewa da bindiga ne a ƙarshen watan Nuwamba, kuma a da makarantun karkara da yawa sun yi shekara da shekaru suna ba da hutu a ranar farko, saboda a lokacin malamai da manyan ɗalibai duk daji suke nufa. Kafin gari ya waye maharba dubu ɗaruruwa sun bazu cikin tsaunuka da gonaki, kowa sanye da riga ruwan lemo don kada ɗan'uwansa ya harbe shi bisa kuskure. Abin da kowa ke fata shi ne kishimi, namijin barewar nan mai farar wutsiya, in so samu ne babba mai ƙaho da rassa. Kafin shekarar 2002, kusan kashi 80 cikin ɗari na mazan da ake harbewa a jihar 'yan shekara ɗaya da rabi ne, masu ɗauke da ƙahonsu na farko. Duk da wannan ɓarin wuta ba a rasa 'yan tsiraru da ke kaiwa shekara biyar ko shida. Maharba suna da labarai a kansu: kyamarar da aka ɗaura a jikin bishiya ta ɗauki hotonsa da tsakar dare, an ga sawunsa a bakin rafi, an tsinci ƙahon da ya zubar, amma ba wanda ya taɓa haɗa ido da shi da rana. Bayanin da aka saba bayarwa shi ne tsohon kishimi ya fi sauran wayo tun fil azal. Abin da binciken shekaru ashirin da suka wuce ya nuna, a fahimtata, shi ne farautar ce da kanta take samar da irin wannan dabba. Tana kawar da masu rawar kai, tana koya wa waɗanda suka rage inda haɗari yake, kuma koyon ba ya amfani sai in ta bar musu wuri da lokacin da za su numfasa.

Dabbar ba irin barewar da muka sani a Sahel ba ce. Barewarmu da gada da gwanki ƙahonsu na dindindin ne. Na kishimin Amurka ƙashi ne tsantsa, yana faɗuwa duk shekara a ƙarshen hunturu, sabo ya tsiro cikin 'yan watanni a lulluɓe da fata mai laushi cike da jijiyoyin jini, sa'annan fatar ta bushe ya goge ta a jikin itatuwa. Ana haihuwar 'ya'ya a watan Mayu ko Yuni, farauta kuwa da kaka ake yi, shi ya sa ake ƙirga shekarunsu da rabi-rabi. Ƙasusuwan jikinsa ba sa gama girma sai wajen shekara huɗu da rabi, ƙahon kuma ba ya kai maƙurarsa sai daga shekara biyar zuwa bakwai. Ke nan kafin ya zama abin da maharba ke mafarki, sai ya tsallake lokacin farauta har sau huɗu yana ɗauke da ƙaho. Lissafin yana da sauƙi. In kowace shekara ana harbe rabin mazan, cikin ɗari da suka fara guda shida ne za su kai gaci. In kuwa takwas cikin goma ake harbewa, ko biyu cikin dubu ba za su cika ba.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma gaskiya ne ana haihuwar kishimi da kayan tsira. A makonninsa na farko yakan lafe cikin ciyawa ko motsi ba ya yi, uwar ta nisance shi sai lokacin shayarwa, duk da haka a wurare da yawa kusan rabin 'ya'yan ba sa kai kaka, karnukan dawa da beyar suna cinye su. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa ba tare da ya waiwaya ba, kuma yana gani sosai cikin duhun magariba. Gwajin da aka yi a Jami'ar Jojiya a farkon shekarun 1990 ya nuna launin shuɗi yana bayyana gare shi sarai, amma ja da ruwan lemo ba sa ɗaukar hankalinsa kamar yadda suke ɗaukar namu, dalilin da ya sa rigar maharbi ba ta tona masa asiri sai in ya motsa. Hancinsa ya fi komai, domin yana jin warin mutum daga nesa in iska ta kaɗo, yana kuma jin sa a kan ciyawar da aka taka sa'o'i bayan an wuce. A kudancin jihar Jojiya an ɓoye lasifika a daji ana sakin kukan kyarkeci da na karen dawa da na damisar Amurka, da kuma muryar mutane suna hira kawai. Sakamakon da aka buga a 2022 shi ne muryar ɗan'adam ta fi sa bareyi gudu, kusan ninki biyu. Sai dai duk wannan kowace barewa tana da shi, har da wadda aka harbe da hantsin ranar farko. Ido da hanci ba su isa su bayyana abin da ya raba wanda ya tsufa da wanda ya faɗi ba.

Rabuwar tana farawa ne a shekara ta biyu. Tsakanin wata goma sha biyu da goma sha takwas, mafi yawan matasan maza suna barin inda aka haife su, a Pensilbaniya kusan bakwai cikin goma, su yi tafiyar kilomita da dama su kafa sabon mazauni. Wannan ƙaura tana hana barbara tsakanin dangi, amma tana jefa matashi cikin dajin da bai san hanyoyinsa ba, daidai lokacin da bindigogi ke fitowa. Holzenbein da Marchinton sun bi 'ya'ya maza a jihar Bajiniya, suka buga abin da suka gani a 1992: waɗanda uwarsu ta mutu yawanci sun zauna inda suke, masu uwa kuwa kusan duka sun tashi, kuma marayun sun fi tsira. Ba wai maraici ya ƙara musu basira ba, sanin wuri ne ya cece su. Wanda ya san inda sarƙaƙiya take da inda gangare ya yi tsauri ba ya tsayawa tunani in ya ji ƙarar bindiga.

Bayan wuri sai hali, domin dabbobi ma hali ya bambanta su. A jihar Albata ta Kanada, Simone Ciuti da Mark Boyce da abokan aikinsu sun ɗaura wa manyan bareyin da ake kira elk guda 122 na'urar bin sawu a wuya, suka buga sakamakon a 2012. Cikin matasan mazan, waɗanda aka harbe su ne masu yawan tafiya da sauri, masu son fili, waɗanda in sun ji mutum sai su zura da gudu a sarari. Waɗanda suka tsira masu noƙewa ne, masu tafiya a hankali a cikin duhuwa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne an ga wannan bambanci tun kafin a buɗe farauta, wato ba harbin ne ya koya musu ba, da halinsu suka zo. A Norwe ma, binciken da Karen Lone ta jagoranta a kan jar barewa, wanda ya fito a 2015, ya gano cewa mazan da suka tsira sun koma cikin daji mai kauri cikin 'yan kwanaki da fara farauta, ko da yake abincin can bai kai na fili kyau ba, waɗanda suka ci gaba da kiwo inda suka saba kuwa su aka ɗauke. Farauta ke nan tana aiki kamar rariya a hannun mai tankaɗe: duk shekara ana girgizawa, masu ƙarfin hali suna zubewa, abin da ya rage a sama bayan shekara huɗu sai masu ɗari-ɗari. Maharbin da ya ga tsohon kishimi yana kaffa-kaffa ya ce tsufa ne ya kawo hakan, ya manta da sa'o'insa casa'in da ba su yi kaffa-kaffa ba, waɗanda tuni aka rataye ƙahonsu a bango.

Amma in aka tsaya nan an rage wa dabbar haƙƙinta, domin tana koyo, kuma da sauri. A wani gandun bincike a jihar Oklahoma, a 2008 da 2009, Andrew Little da abokan aikinsa sun raba daji gida uku: inda ba a farauta sam, inda maharbi ɗaya ke da hekta 101, da inda maharbi ɗaya ke da hekta 30. Aka hana harbin mazan da ke ɗauke da na'ura, aka ce maharba su rubuta duk wanda suka gani. A ƙarshen makon farko an gan su da yawa, daga nan gani ya yi ta raguwa, alhali suna nan da ransu a cikin dajin, na'urar tana nuna su. Sun rage nisan tafiya, sun shige inda ya fi duhuwa, sun daina miƙe hanya ɗaya. Tunda ba a kashe ko ɗaya ba, ba za a ce tankaɗe ne ya yi wannan ba, dabbobin ne suka sauya. A dajin Brosnan na Karolina ta Kudu kuma, Clint McCoy na Jami'ar Auburn ya bi maza 37, ya kwatanta tafiyarsu da rumfunan dako da maharba ke hawa. Duk rumfar da mutum ya zauna a cikinta, sai mazan su ƙaurace wa kewayenta da rana na kusan kwana uku kafin su fara komowa. Kishimi bai gudu daga dajin ba. Ya gane takamaiman wurin da warin mutum ya fito, ya kewaye shi.

Abin da ya sa koyon ke yiwuwa shi ne mutum dabba ce mai al'ada, kuma a nan ne nake ganin gishirin zancen yake. Kyarkeci yana iya zuwa daga ko'ina, a kowace sa'a, duk shekara. Maharbin Amurka kuwa doka ta tsare shi ga rana, ta tsare shi ga 'yan makonni, gajiya kuma ta tsare shi ga bakin hanya. Lokacin da masu bincike suka bi maharba da na'ura da kuma jirgin sama a gandun dajin Sproul na Pensilbaniya a farkon shekarun 2000, sun tarar kashi 87 cikin ɗari ba sa wuce rabin kilomita daga hanyar mota, kuma duk inda tudu ya ƙara tsauri mutane suna ƙara raguwa. Dalilin a fili yake, wanda ya harbi dabba mai nauyin buhun hatsi sai ya ja ta har mota. Binciken da Duane Diefenbach na Jami'ar Jihar Pensilbaniya ya jagoranta tun 2013 ya nuna yadda bareyi ke cin moriyar wannan. Da zarar an buɗe farautar bindiga, wurin da suke yini yana tsukewa zuwa kamar hekta arba'in. Kishimi zai yi kiwonsa da dare a kwari, kusa da hanya ma, sai goshin asuba, lokacin da ƙofofin motoci suka fara bugawa da fitilu suka fara haskawa, ya kama hawa. Kafin rana ta fito ya kai ƙarshen wani doron tsauni ya kwanta, iska tana kawo masa labarin abin da ke bayansa, idonsa yana kan gangaren da ke gabansa, busassun ganyaye kuma ba sa barin kowa ya matso shiru. In wani ya taso ta nan, tsalle biyu ya sauka ta can. Gobe ma nan zai dawo, jibi ma haka, har makonni biyun su cika.

Mai musu zai iya cewa to ina tsufa ya shigo, tunda a binciken Karolina ta Kudu matasa da manya kusan hali ɗaya suka nuna, shekaru ba su bambanta yawan tafiyarsu ba. Wannan gaskiya ce, kuma ta rushe camfin cewa akwai wata shekara da kishimi ke rikiɗa ya zama gagarabadau. Amma ba ta rushe koyo ba, ta nuna ne koyon yana farawa da wuri. Hujja mafi ƙarfi a kan taruwar darasi shekara bayan shekara ta fito ne daga matan elk na Albata, waɗanda ke daɗewa har a iya bin su. Binciken Henrik Thurfjell da Ciuti da Boyce na 2017 ya nuna kowace mace tana ƙara rage tafiya da ƙara shiga wuri mai wuya yayin da take girma, har suna bambance lokacin masu kwari da baka da lokacin masu bindiga, suna ƙara hawa duwatsu in masu baka ne, domin mai baka sai ya matso kusa. Wadda ta kai shekara tara ko goma da wuya maharbi ya same ta. Ba ni da dalilin ɗauka cewa namiji ya rasa ƙwaƙwalwar da 'yar'uwarsa ke da ita. Abin da ya rasa shi ne shekarun da zai yi amfani da ita.

Akwai kuma masu cewa ai amsar gajeriya ce, tsohon kishimi dare kawai yake fita. Ba su yi ƙarya duka ba, domin wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara bincike 76 a kan nau'in dabbobi 62 a nahiyoyi shida, ya nuna namun daji a ko'ina suna karkata zuwa dare inda mutane suka yi yawa. Sai dai na'urorin bin sawu sun nuna kishimi yana tashi da rana, yana ci, yana sauya makwanci, cikin duhuwar da ido ba ya ratsawa. Kuma ɓuyan nan ba kyauta ba ne, abinci mai kyau yake sayarwa ya sayi rai, ga hunturu na tafe. Akwai ma lokacin da ba ya iya biya. A arewacin Amurka barbara tana kaiwa ƙololuwa a tsakiyar Nuwamba, raguwar hasken rana ce ke tayar da ita, kuma mace ba ta karɓar namiji sai na kusan kwana ɗaya. Wanda ya kwanta a tudu a wannan mako ya rasa zuri'ar shekara. Sai ka ga dabbar da ta yi wata goma sha ɗaya tana lissafin iska ta ratsa gona da rana tsaka, hanci a ƙasa, tana bin sawun mace, ta daina ci har ta zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta. Karon motoci da bareyi ma a watan nan ya fi yawa. Shi ya sa kalandar hukuma take da tasiri ƙwarai: jihar Minesota tana buɗe farautar bindiga a farkon Nuwamba, cikin barbara, maƙwabciyarta Ayowa kuwa sai Disamba, kuma Ayowa ce ta yi suna da manyan maza.

Wannan ya kai mu ga musun da ya fi nauyi, cewa ba wayon dabba ne ke kai ta tsufa ba, doka ce da haƙurin maharbi. Alƙaluman suna goyon bayansa. A 1989, kashi 62 cikin ɗari na mazan da aka harbe a faɗin Amurka 'yan shekara ɗaya da rabi ne. Zuwa 2020 sun koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu, masu shekara uku da rabi zuwa sama kuma suka kai kusan kashi 40. Bareyi ba su ninka basira cikin shekara talatin ba. Ƙungiyar da Joe Hamilton ya kafa a Karolina ta Kudu a 1988 ce ta yi ta wa'azin a ƙyale ƙanana su girma, Pensilbaniya kuma a 2002, ƙarƙashin Gary Alt wanda ya sha suka a kan hakan, ta hana harbin namijin da rassan ƙahonsa ba su kai uku ko huɗu a gefe ɗaya ba. Na yarda da musun, amma ina ganin hujjata yake ƙarfafawa. Abin da dokar ta yi shi ne ta tsallakar da matashi shekarar da ya fi rauni, shekarar baƙunci. Wanda maharbi ya gani ya ƙyale bai tafi hannu rabbana ba, ya ji warin, ya ji harbin da ya ɗauke wani, ya gano tudun da ba a hawa. Shekara mai zuwa, lokacin da ƙahonsa ya halatta shi, da sani zai shiga. Tsarin yana da tasa illa, ya kamata a faɗa: cutar ƙwaƙwalwar nan mai ramar da bareyi, wadda aka fara ganewa a Kolorado a 1967, ta fi kama manyan maza, har wasu jihohi sun janye dokar rassan ƙaho a yankunan da ta ɓulla.

Tarihin Amurka da kansa ya nuna iyakar taka-tsantsan. Hancin barewa a ƙarni na goma sha tara bai gaza na yau ba, amma lokacin da ake harbinta rani da damina, da karnuka da fitila, ana loda nama da fata a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin birane, yawanta ya faɗi zuwa rabin miliyan ko ƙasa da haka wajen 1900. Dokar Lacey ta shekarar ta toshe fataucin naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba tsakanin jihohi, dokar Pittman da Robertson ta 1937 kuma ta ware harajin bindiga da harsashi don kula da namun daji. Yau ana ƙiyasta su kusan miliyan talatin.

Mu ma muna da shaidar wannan iyaka a ƙofar gida. Farautar taro da karnuka da cinna wa daji wuta da rani tana kewaye mai noƙewa da mai rawar kai baki ɗaya, ɓuya ma ita ke kashe dabba in wuta ta zo. A Sahel kuwa mota mai shiga rairayi da bindiga mai sarrafa kanta sun sa fili ya daina zama mafaka, domin ana bin dabba har sai ta faɗi don gajiya. Mena, barewar nan mai tsayi da farin ciki wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta ci sunanta, dabbar fili ce tun asali, amma ragowarta a Nijar yanzu cikin duwatsun Termit da na Azbin ake samun su, inda mota ba ta hawa. Dabara ɗaya ce da ta kishimin da ke hawa doron tsauni. Bambancin shi ne kishimi makonni kaɗan yake yi a can ya sauko ya yi ƙiba, mena kuwa ba ta da ranar da aka ce farauta ta rufe, kuma duk waɗanda suka rage a daji a duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa kaɗan ba. Tun 2012 aka ayyana Termit da Tin Tumma a matsayin gandun da aka keɓe, kuma cikin aikin masu tsaronsa akwai hana mafarauta shiga.